Hanyar Diffa da Kwarin Komadugu: Abin da Ya Kamata Matafiyi Ya Sani Tun Daga Gida

Wanda ya bar Damagaram da sassafe ya nufi gabas a kan babbar hanya mai lamba ɗaya, kafin azahar zai rantse ƙasashe uku ya ratsa. Lambunan Mirya ne za su fara tarbarsa, sai tafkin Gidimuni da rakensa da dabinonsa. Yana wuce Gure, duwatsu da jar ƙasa za su ja baya, rairayi ya karɓi gari. Daga nan har Maine Sorowa ƙasar Manga ce: tudu bayan tudu na yashi mai laushi, ƙarangiya da tumfafiya, aduwa jefi-jefi, raƙuma suna kiwo ba mai kora. Can kuma, ba zato ba tsammani, sai ƙasa ta lotsa, a hango kwari kore shar cike da goriba da dabino, tsakiyarsa fari fat saboda kanwa. Irin waɗannan kwaruruka suna da yawa a yankin Gudumariya da Maine, kuma su ne rumbun mutanen wurin. A ciki ake noma rogo da albasa da masara, daga ciki ake fitar da kanwa da manda zuwa kasuwannin Najeriya tun zamanin fatake.

Tsakanin Damagaram da Diffa kusan kilomita 470 ne, daga Yamai kuwa kimanin 1,360. Kullum manyan motocin fasinja suna bin hanyar ɗauke da 'yan kasuwa, da ma'aikata, da ɗaliban Jami'ar Diffa da aka kafa a 2014, da masu zuwa biki ko gaisuwar rasuwa. A 'yan shekarun nan an samu ƙarin wasu matafiya: matasan da suka ga hoton farin yashi ko na faɗuwar rana a bakin kogi a Facebook da TikTok, ransu ya biya, suka ce su ma sai sun je. Ba laifi ba ne. Ni ba na cikin masu cewa a ƙaurace wa Diffa, domin ƙauracewar ita ma cuta ce ga mutanen da cinikinsu ya dogara da mai zuwa da mai tafiya. Sai dai akwai abin da hoto ba ya ɗauka, kuma shi ne dalilin wannan rubutu: a jihar Diffa, wurin da ya fi ɗaukar ido shi ne ya fi neman hattara. Gwargwadon yadda ka bar kwalta ka matsa wajen ruwa, gwargwadon haka haɗari yake ƙaruwa.

Mu fara da kwaltar kanta, tunda ita ce mai sauƙi. Tuddan yashin Manga ba a zaune suke ba, iska tana tura su, har sukan cinye gonaki da rijiyoyi. Shingayen kirare da na kaba da za ka gani an kakkafa gida-gida a kan tudu aikin tsayar da yashi ne, wanda hukuma da mutanen karkara suka daɗe suna fama da shi. Inda yashin ya fi ƙarfin shinge sai ya kwanta a kan hanya, galibi a bayan kwana ko a gangaren tudu, inda direba ba ya hangowa. Mota mai gudu in ta taka shi, sitiyari ne ke kufcewa. Ga ramuka, ga raƙumi da ba ya gudun fitila, ga jakuna da shanu da ke kwana a kan kwalta saboda ɗuminta. A lokacin hunturu hazo kan rufe gari har direba ya kasa ganin motar da ke gabansa. Shi ya sa tsofaffin direbobin layin ba sa wasa da sammako, kuma ba sa yarda magariba ta riske su a daji. Mai motar kansa ya cika tanki a babban gari, ya ɗauki safaya mai kyau, da shebur, da igiyar ja, da ruwan sha fiye da abin da yake tsammanin zai buƙata. Akwai wuraren da waya ba ta samun layi, to a sanar da na gida lokacin tashi da lokacin da ake sa ran isa.

Maine Sorowa, mahaifar marigayi shugaba Tandja Mamadou kuma inda aka binne shi a 2020, nan ne hanya take fara kusantar kogi. Saura kimanin kilomita 70 a shiga Diffa. Ta hannun dama za ka ga layin itatuwa masu duhu yana bin ka daga nesa. Komadugu ke nan.

Wannan kogi yana da hali irin nasa, kuma rashin sanin halin ya sha jawo asara. Ruwan da ke gudu a cikinsa ba ruwan saman Diffa ba ne, domin abin da ke sauka a nan a shekara bai cika wuce milimita 300 ba. Ruwan na nesa ne. Kogin Kano da na Challawa su ne ke haɗuwa su zama kogin Haɗeja, kogin Jama'are kuma ya gangaro daga tuddan Filato ta ƙasar Bauchi. Su biyun sai su bazu a dausayin Haɗeja da Nguru, su yi makonni suna cika fadamu, sa'an nan abin da ya rage ya biyo ta Gashuwa da Gaidam. A kusa da Gaidam ɗin ne kufan Birnin Gazargamu yake, wanda Mai Ali Gaji ya kafa a ƙarni na 15 ya zama gadon sarautar Barno har zuwa 1808, abin da ke nuna maka cewa wannan kwari ba yau ya fara ciyar da al'umma ba. Daga nan kogin ya zama iyaka tsakanin Nijar da Najeriya na tsawon kimanin kilomita 150, ya wuce ta kudancin garin Diffa da Geskeru, ya faɗa Tafkin Chadi a wajen Boso, daura da Malam Fatori. Hatta madatsun ruwan Tiga da na Challawa da ke jihar Kano, waɗanda aka kammala a 1974 da 1992, suna da hannu a yawan ruwan da manomin Diffa zai gani.

Abin da wannan doguwar tafiya ta ruwa ke nufi ga matafiyi shi ne: kogin ba ya cika a tsakiyar damina. Yakan kai maƙura ne bayan ruwan sama ya ɗauke, daga Oktoba zuwa Disamba. Gari ya washe, ba hadari ko na magani, an fara girbin gero, a lokacin ne ambaliya take shigo wa mutane. Haka aka yi a Oktoban 2019, lokacin da kogin ya ɓalle ya raba mutum fiye da 20,000 da muhallinsu, ya shanye gonakin shinkafa da na tattasai. Haka kuma aka sake yi a ƙarshen daminar 2022, har sai da mutanen gari suka fito da buhunan yashi suna tare bakin ruwa. Akwai ma'aunin ruwa a Bagara, kusa da gari, wanda hukuma ke dubawa ta yi shela a rediyo. Baƙon da ya zo a watan Nuwamba yana ganin ai damina ta wuce, shi ne zai tura mota cikin fadamar da samanta ya bushe ƙasanta taɓo, ko ya bar yara su shiga wanka a mashigin da ya ga hotonsa ana tsallakawa da ƙafa. Hoton na bazara ne, lokacin da kogin ke tsinkewa ya zama kududdufai. Mashigin nan a kaka ya shanye raƙumi.

Kyan kwarin kuwa ba a magana. Daga Disamba zuwa Maris, lokacin tsinkar tattasai, za ka ga fili guda an shanya shi ja wur har iyakar ganinka, injinan ban ruwa suna ta ƙugi, mata da yara suna tsince, maza suna ɗura buhu. Mutanen bakin kogin, galibinsu Barebari ne na reshen Mobar, sun gwanance da wannan noma, har ana yi wa tattasan laƙabi da jan zinariyar Manga. Rabonsa mafi tsoka Najeriya yake tafiya, shi da bandar kifin tafki, kuma wannan ne ya sa naira take yawo a kasuwar Diffa kamar sefa. Wani rahoto da ƙungiyar Oxfam ta fitar a 2017 ya ƙiyasta cewa kafin rikici, kifi da tattasai suna kawo wa yankin kimanin sefa biliyan 28 a shekara.

Sai rikici ya zo. Ranar 6 ga Fabrairun 2015 mayaƙan Boko Haram suka tsallako kogin suka kai hari Boso da Diffa, cikin kwanaki kaɗan gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a jihar. Aka hana hawa babur, aka sa dokar hana yawon dare, aka rufe wasu kasuwanni, aka dakatar da kamun kifi da cinikin tattasai saboda zargin cewa mayaƙan suna karɓar haraji a kansu. Takin zamani da man fetur ma aka sa musu ido, na farko saboda ana haɗa abin fashewa da shi, na biyu saboda shi ne abincin baburan maharan. Bayan harin tsibirin Karamga a watan Afrilun shekarar, aka kwashe mutanen tsibiran tafki zuwa tudu. Ranar 3 ga Yunin 2016 aka sake afka wa Boso, mutum kusan 50,000 suka watse a 'yan kwanaki. A Yulin 2017 aka sace mata da yara fiye da 30 a Ngalewa. A Disamban 2020 aka ƙone Tumur, aka kashe mutane da dama. An sassauta dokar tattasai a 2017, ta kifi a 2019, kuma a Yunin 2021 an fara mayar da mutanen Baruwa garinsu. Rayuwa ta dawo a wurare da yawa, kasuwa tana ci, ana ɗaurin aure, ana wasan kokawa. Amma mutanen da suka kawo wannan masifa ba su bar tsibiran tafki da dazuzzukan ƙetaren kogi ba, kuma in ruwa ya ja baya tsallakowa ba ta yi musu wuya.

Ba don in tsorata kowa na jero waɗannan ba. Na jero su ne don mai tafiya ya gane dalilin abin da zai tarar a hanya, kada ya ɗauka wulaƙanci ne. Tun daga Gure shingayen bincike za su fara yawaita: jandarma, 'yan sanda, sojoji, duwan. Katin ɗan ƙasa ya kasance a aljihu, ba a ƙasan jaka ba. Wanda ya zo daga wata ƙasa ya riƙe cikakkun takardun tafiya da katin rigakafi. In an ce a sauka, a sauka. In dare ya fara, direba ya rage gudu tun daga nesa, ya rage fitila, ya kunna ta cikin mota. Sojan da ke tsaye a wurin ya binne abokan aikinsa, ba ya cikin yanayin gardama. Kada ka ɗauki hoton shinge, ko bariki, ko ayarin soja, ko gadar Dutsi da ke kan kogi a kudancin gari, wadda aka kai wa hari a Mayun 2020. Kada ka cika but da jarkokin mai ko buhunan taki ba tare da takardar izini ba. Kada kuma ka karɓi saƙon da ba ka san abin da ke ciki ba, ko da mai bayarwar ya haɗa ka da Allah. Dokokin babur da na fitar dare da na kasuwanni ana tsaurara su ana sassautawa gwargwadon hali, kuma na wannan gunduma kan bambanta da na waccan. Abin da ɗan'uwanka ya tarar bara ba hujja ba ne bana, ka tambaya a tasha ranar da za ka tashi.

Babban gargaɗin kuwa shi ne na barin kwalta. Hanyoyin burji da na yashi da ke gangarawa bakin kogi, da waɗanda ke bi ta Tumur zuwa Boso, da na wajen Shetimari, an sha binne nakiya a cikinsu. A Yunin 2023 sojoji bakwai suka rasu kusa da Shetima Wangu bayan motarsu ta taka irin wannan nakiya. Don soja ake dasa ta, amma ba ta tambayar wanda ya taka, ta sha tashi da motar fasinja da amalanke da dabbobi. Mutanen wurin suna da ƙa'idojinsu, kuma sun cancanci a kwaikwaya: ba a zama motar farko a kan hanyar yashi da asuba, ana bin sawun tayar da ta wuce, ba a yanke sabuwar hanya don gudun rami, hanyar da aka ga mutanen ƙauye sun daina bi ba a binta. In ka ga ƙasar da aka tona aka mayar, ko waya ta leƙo daga yashi, ko wata jarka ko tukunya yashe a gefen hanya, kada ka taɓa, kada ka jefe ta da dutse, ka koma ta inda ka fito ka sanar da jami'an tsaro ko mai gari. A ja wa yara kunne sosai a kan wannan, domin su ne masu tsince-tsincen ƙarfe.

Sa'an nan ga satar mutane don kuɗin fansa, wadda ta zama sana'a a ƙauyukan bakin kogi da na wajen tafki. Masu yin ta ba a makance suke kamu ba, suna da masu kai musu labari: wane ya sayar da shanu, wane ya karɓi kuɗin tattasai, wane baƙo ne mai mota ya sauka a gidan wane. A nan ne ɗabi'armu ta zamani take cutar da mu. Mutum ya tsaya a bakin kogi ya ɗora hoto nan take, ya rubuta sunan ƙauyen, ya ƙara da cewa gobe sai wuri kaza. Wannan ai kai ka kai rahoton kanka. A bari sai an dawo gida a ɗora. Kada a riƙa ƙirga kuɗi a bainar jama'a, kada a gaya wa abokin zama a mota inda za a kwana. Wanda kasuwancin tattasai ya kai shi, ya yi cinikinsa a cikin gari ta hannun dillalin da aka sani, maimakon ya ce sai ya je gona da kansa don ya rage 'yan kuɗi. Wanda kuma ziyarar dangi ta kai shi ƙauye, ya bar mai masaukinsa ya zaɓa masa rana da hanya da mota. In mai masauki ya ce yau ba a zuwa, to ba a zuwa, ko da bai faɗi dalili ba. Sau da yawa akwai abin da ya ji wanda ba zai iya faɗa a gaban mutane ba. Matambayi ba ya ɓata, amma fa sai in ya ji amsar da aka ba shi.

Gabas da Diffa, a kan hanyar Ngigmi, za ka wuce matsugunai na bukkokin zana da tamfol a gefen kwalta, irin su Ngagam da Kinjandi da Garin Wanzam. Mutanen da rikici ya koro ne daga bakin kogi da tsibirai da ƙetaren iyaka, waɗanda a wani lokaci yawansu a jihar ya haura 200,000. Sun zaɓi gefen kwalta ne saboda nan soja da motar agaji ke wucewa. Akwai kuma sansanin Sayam Foraj a arewa, inda 'yan gudun hijirar Najeriya suke. A cikinsu akwai wanda ya taɓa mallakar garken shanu, akwai mai jirgin kamun kifi, akwai alaramma mai almajirai. Abin takaici ne ka ga matafiyi ya sauke gilashi yana ɗaukar su hoto ba ko sallama. In za ka tsaya, ka yi sallama, ka sayi abin da suke sayarwa. In sadaka za ka yi, ka miƙa ta hannun bulama ko limami. Watsa kuɗi ko biskit ta taga yana jawo yara su ruga kan hanya, kuma manyan motoci ba sa tsayawa nan take.

Batun lafiya gajere ne amma kada a raina shi. A 2017 an yi annobar wani nau'in ciwon shawara a jihar, wanda ke yaɗuwa ta gurɓataccen ruwa, kuma mata masu juna biyu ne ya fi kashewa. A sha ruwan famfo ko na leda mai hatimi, ko a tafasa. Ruwan kwance na fadama da na magudanan ban ruwa yana ɗauke da tsargiya, mai sa fitsarin jini, kuma ta fata take shiga, ba sai an sha ba. Sauron kwarin Komadugu ba ya tafiya tare da damina, yana nan har cikin sanyi saboda ruwan kogi, don haka gidan sauro ya shiga cikin kaya. A Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40 kusan kullum, tsoho da jariri da mai hawan jini ba lokacin tafiyarsu ba ne in ba dole ba.

Daga Diffa zuwa Ngigmi kimanin kilomita 130 ne, kuma a nan kwalta ta ƙare. A shekarun 1960, lokacin da faɗin Tafkin Chadi ya kai murabba'in kilomita 25,000, garin a bakin ruwa yake. Farin shekarun 1970 da 1980 ya janye ruwan nesa, ya bar ƙasa mai albarka da ake noma masara da wake, da kurmin ƙaya mai duhu wanda a yau ya zama maɓoyar 'yan bindiga. Ngigmi mahaɗa ce ta Barebari da Tubawa da Larabawa da Fulani da Buduma masu shanun nan na Kuri masu kumburarrun ƙahoni, kuma daga nan hanyar raƙuma da ta manyan motoci ke miƙewa arewa zuwa Ngurti da rijiyoyin man Agadem. Ba nisa da garin akwai hamadar Tal, mai farin yashin da hotonsa ya fi kowane yawo a wayoyi. Wanda ya ƙudurta ganinta ya fara gabatar da kansa ga hukumar garin, ya ji ko an yarda a je a wannan makon. In an yarda, a tafi da ɗan gari wanda hukuma ta sani, da mota biyu masu ja huɗu, a fita da hantsi a dawo kafin la'asar. Wajen tafki kuwa, da tsibiransa, da duk wata gayyata ta a tsallaka kogi a ga kasuwar ƙetare ta ɓarauniyar hanya, wannan ba wurin yawon buɗe ido ba ne a yanzu, ko wane ne ya yi tayin rakiya.

Lokacin da ya fi dacewa da wannan tafiya shi ne daga tsakiyar Disamba zuwa Fabrairu: zafi ya sauka, ambaliya ta fara ja da baya, tattasai yana shanya, ga dabbobi sun dawo kusa da rijiyoyi. A ɗauki rigar sanyi, domin asubar Manga tana da cizo. A kwana a Damagaram, a tashi bayan sallar asuba, a ci abincin rana a Gudumariya ko Maine, a shiga Diffa da sauran rana. Lambar wayar mai masauki da ta wani na gida a rubuta su a takarda a sa a aljihu, saboda ko caji ya ƙare ko wayar ta ɓata.